Idan na fassara aikin wani da kaina, satar fasaha ce?

'Yar Aboabo:
Salamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a nazarin harshe, kundina kan Hausar zangon Kumasi ne, yadda muke cewa "ya zo" ko mace ce ta zo. Ɗan kawuna ya turo mini wani kundi daga Kano ta WhatsApp, da Hausa aka rubuta shi. Shafi uku a ciki sun warware maganar jinsi tsaf. Kwana biyu ban runtsa ba ina mai da su Turanci, na zuba a babi na biyu. Turnitin, manhajar gano satar rubutu, bai kama komai ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Tunda ni na sha wahalar fassarar, ba nawa ba ne?

Ɗan Sawaba:
Ni ban ga laifi ba. "Ya" na namiji, "ta" na mace, wa ya mallaki wannan?

Malam na Asawase:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ɗan Sawaba, ƙa'idar ta kowa ce, amma misalan da jerin hujjar akwai wanda ya zauna ya tsara su. Fassarar taki ce, tunanin nasa ne. Shirun Turnitin kuwa ba shaida ba ne, kwamfuta abin da ke rumbunta kawai take dubawa.

Abin da ke damuna, yaranmu na ɗauka ambaton mai magana al'adar Turawa ce. Mu a karatun zaure ba ka kawo magana sai ka ce daga wa ka ji. Abdullahi bin Mubarak, malamin hadisi, ya ce isnadi, wato jero waɗanda aka ji magana daga gare su, daga addini yake, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ko Baturen nan Rattray, da ya buga tatsuniyoyin Hausa a 1913, ya ambaci Malam Shaihu wanda ya rubuta masa su da ajami.

Taƙaita shafukan, ki sa sunan marubucin da shekara da lambar shafi. Inda kika ɗauko jimla sukutum, ki rubuta cewa ke kika fassara. Sannan ki je ki ɗauki muryar tsofaffin unguwarku Aboabo, wannan ne babu a kundin Kano.

'Yar Aboabo:
Na gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Abin da aka turo mini ba shi da bango, ko sunan mai shi ban sani ba. Na ce wa ɗan kawun nawa ya ɗauko mini hoton shafin farko. Kafin ya turo, na cire shafukan uku.