Wai ƙaramin ɗan kasuwa riba ya ci ko asara da duniya ta zama kasuwa ɗaya?

Mai_Tambaya: Salam 'yan uwa. Don Allah a fahimtar da ni, kullum ana cewa kaya sun yi araha saboda buɗe iyakoki, amma ƙananan masana'antu sai rufewa suke yi. To wa ya amfana?

Dattijo: Wslm. Malam abin ya yi tsanani ne tun da Sin ta shiga ƙungiyar kasuwanci ta duniya, wato WTO, a 2001, sai kuma 2005 aka cire ƙayyade yawan tufafin da ake shigarwa manyan kasuwanni, daga nan masaƙu da dama suka durƙushe, don mai ɗinka riga ɗari ba zai taɓa kamo farashin mai ɗinka miliyan ba, shi mai miliyan ɗin tan-tan yake sayen zare, ga kwantena ta sa kuɗin dako ya faɗi warwas.

Yar_Kasuwa: Baba ni dai ban yarda duk asara bace gaskiya. Yau mai sana'ar hannu da waya kawai zai samu kwastoma a wata ƙasa ta Instagram ko Etsy, wato kasuwar intanet ta kayan sana'ar hannu. Matsalar dai dandalin ba naka bane, su yanke kamasho, su canza doka ranar da suka ga dama, baka da ta cewa.

Injiniya: Ku tuna Maris 2021 da jirgin ruwan dakon kaya Ever Given ya toshe mashigin Suez kwana 6. Babban kamfani sitonsa cike yake, zai jira. Ƙarami kuwa jarinsa kaf yana kan ruwa, ga haya ga bashi.

Mai_Tambaya: Hajiya to wanda kayansa iri ɗaya ne da na Temu fa, kasuwar intanet ɗin nan mai sayar da kayan Sin masu araha, ya zai yi?