An sallami malaman, kwalejojin da suka yaye su fa?

Malamin firamare, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai kashi 75, aka sallame su. An sha cacar baki tsakanin ƙungiyar malamai ta NUT da gwamnan lokacin, El-Rufai, amma ni dai ban ji an kira shugaban kwaleji ko ɗaya ya yi bayanin yadda ya sa wa takardunsu hannu ba. Wanda ya yi NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, ko ya taɓa karɓar masu NCE aiki, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Malama daga Katsina:
Wa'alaikumus salam. Lokacin da muka fita koyon koyarwa, sau ɗaya mai duba mu ya leƙo. Ya zauna a bayan aji, ya duba littafin shirin darasina, ya sa hannu, ya hau babur don wasu makarantu na jiransa. Ban ko kai ga tambayar yara ba. Maki mai kyau ya ba ni kuwa. A kwaleji abokan karatunmu muke koya wa darasin gwaji, manya masu natsuwa. Ba wanda ya nuna mana yadda za a yi da aji cike maƙil, rabi a ƙasa, wasu ko fensir babu.

Hedimasta mai ritaya, Gusau:
'Yata, ke kin ma ga mai dubawa. Mu 'yan Gireditu, wato masu tsohuwar takardar malanta ta Grade II, kullum alli na hannunmu kafin a yaye mu. An taɓa turo mini yaro da NCE sabuwa fil, na ba shi aji ɗaya. Na leƙa na tarar ya cika allo da rubutu, yana cewa su kwafa, yaran da ba su san ba-bi-bu ba! Ba daƙiƙi ba ne, darussan sakandare ya karanta, ba ilimin firamare ba. Har na bar aiki babu kwalejin da ta aiko tambayar yadda ɗalibanta suke a aji.

Lakcara a kwalejin ilimi:
Baba, gaskiyarka, amma a ji ta bakinmu. An yi shekaru maki 100 cikin 400 na JAMB ya isa shiga kwaleji. Akasari wanda jami'a ta ƙi ne ke zuwa mana, zaure ya cika har tagogi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tantancewa, wato zuwan jami'an NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi, don duba kwasa-kwasanmu. Da idona na ga an yi fenti, an aro littattafai da kayan ɗakin gwaji, baƙi na tafiya aka mayar. Kujeru aka ƙirga, ba a bi ɗalibi ko ɗaya makarantar da yake koyarwa ba. Tun 2017 hukumar rajistar malamai ta TRCN ke jarraba malamai kafin ba su lasisi. A riƙa buga sakamakon kwaleji-kwaleji mana, NCCE ta janye izinin kwas ɗin da ɗalibansa ke ta faɗuwa.

Malama daga Katsina:
Malam, jarrabawar ta kwamfuta ce, zaɓi-ka-danna. Na ci ta tun ban iya riƙe aji ba. In za a auna kwaleji, a shiga ajin ɗalibinta a sa yara su karanta layi biyu.