Abincin jarirai na kwalba mai taliya da nama: ya wadatar kuwa?

Maman Aliyu:
Assalamu alaikum iyayen gida. Don Allah shawara nake nema. Yarona yana da wata 8, yana shan nono har yanzu, na fara ba shi abinci tun yana wata 6. Da na koma aiki sai na fara sayo masa abincin jarirai na kwalba da ake sayarwa a manyan kantuna, wanda aka rubuta taliya da naman shanu a miyar tumatir. Yakan cinye kwalba tas, alhali kunu sai an yi dambe da shi. To jiya surukata ta leƙa kwalbar ta ce wannan ai ruwan tumatir ne, ita ba ta ga nama ba, kuma gara in sayi nama da kuɗin. Abin ya tsaya mini a rai. Shin yana samun abin da jikinsa yake buƙata a ciki? Zan iya ci gaba da ba shi kullum da rana?

Ummu Khairat:
Wa alaikumus salam. Ni dai 'yata ta ci irinsa kuma ga ta nan lafiya lau. Tunda yana so, ki bar shi ya ci. Surukai ba sa rasa abin faɗa.

Maman Zarah:
Ummu Khairat, wannan karon surukar tana da 'yar gaskiyarta fa. Ina zaune a Ingila, kuma akwai dokar Turai da ta tsara irin waɗannan kwalaben, nan ma ita ake bi. Idan sunan nama ne ya zo farko a sunan abincin, dole naman ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Idan kuma an ambaci naman amma ba shi ne farko ba, kamar taki da aka ce taliya da nama, kashi 8 ya wadatar a doka. Kamfanoni da yawa kuwa a nan bakin iyakar suke tsayawa.

Maman Aliyu, juya kwalbar ki duba jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, kuma za ki ga an rubuta kason naman a gefensa. Sau da yawa tumatir, karas ko ruwa ne a sahun gaba. A ce kwalbar giram 200 ce, kashi 8 ɗinta giram 16 ke nan, wato kamar tsoka ɗaya 'yar ƙarama. Ba ƙarya suka yi ba, naman yana ciki, sai dai hoton da ke jikin kwalbar ya fi shi yawa.

Wani abu kuma, idan naman shanu ne ko kaza daga Turai, ki duba ko akwai tambarin halal. Yawancinsu babu.

Ummu Khairat:
Innalillahi, ni ko tunanin yankan ban taɓa yi ba.

Sista Maman Fadil:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, bari in ɗora a kan bayanin Maman Zarah. Abin da ya fi damunmu a wannan shekarun shi ne sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi. Jariri yana zuwa duniya da ajiyarsa, amma tana ja baya wajen wata 6, nono kuma ba shi da yawansa. Daga wata 7 zuwa 12 lissafin Amurka ya ce yaro na buƙatar miligiram 11 a rana, na Ingila ya ce kusan 8. Giram 16 na naman shanu kuwa wajen rabin miligiram zai ba shi. Ko kin haɗa da ɗan abin da ke cikin taliyar da kayan lambun, tazarar tana da yawa. Uwa takan ɗauka tunda an ce nama, an gama da maganar jini, a nan ne matsalar take.

Ta fuskar ƙarfi ba laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yaro mai shan nono ɗan wata 6 zuwa 8 yana buƙatar kalori kusan 200 a rana daga abinci, ɗan wata 9 zuwa 11 kuma kusan 300. Kwalba ɗaya za ta ɗauki kaso mai kyau daga ciki. Gishirinsa ma kaɗan ne, kuma tsaftarsa ba a magana. Saboda haka ba guba ba ne, kada ki tsorata. Amma bai isa ya zama shi ne ginshiƙin abincinsa ba.

Sannan ki lura da laushinsa. Wata 8 lokacin fara taɓa abinci mai ɗan gudaji ne, wanda aka murƙushe da cokali. Yaron da ya daɗe a kan niƙaƙƙen abu mai ɗan zaƙin tumatir da karas yakan ƙi tuwo da miya daga baya, muna ganinsu sosai.

Hajiya Kakar Yara:
Ke 'yar nan, ba faɗa zan yi miki ba, aiki ba laifi ba ne. Amma taliya da nama har sai Bature ya dafa miki? Ranar Lahadi ki sayi jan nama marar kitse a niƙa miki, ki dafa shi ya yi lugub da tumatir, albasa kaɗan da kabewa ko karas, ki sa ɗan man ja ko man gyaɗa. Ki raba a ƙananan robobi ki sa a firiza. Da safe ki dafa taliya ta yi laushi sosai, ki kakkarya ta, ki haɗa. Nan ke ce kike auna naman da hannunki. Wata rana ki sa ƙwai dafaffe, wata rana wake da aka cire wa ƙowa, wata rana kifi, ki tsince ƙayar da kyau. Kunun da yake ƙi ma, ki gwada na gero da gyaɗa da waken suya, ki yi shi da kauri har ya tsaya a cokali. Tsararon kunu cika ciki kawai yake yi.

Maman Twins:
Hajiya ta gama magana, sai dai in ƙara: ban da dunƙule, ban da gishiri. Yaron da bai shekara ba, bai kamata gishirinsa ya kai giram 1 a rana ba, ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. Na faɗi haka ne don na ga masu cewa tunda taliya ce, bari su dafa wa jariri taliyar yara ta leda da garin ɗanɗanonta. Wannan kam kwalbar ta fi ta nesa ba kusa ba. Zuma ma a bari sai ya shekara.

Maman Zarah:
Kuma mu yi adalci, firiza sai da wuta. Wadda unguwarsu ke kwana biyu babu lantarki, naman da ya narke ya sake daskarewa ya fi kwalbar haɗari. Ni ina ganin ki ajiye 'yan kwalabe don tafiya da ranar da abubuwa suka cakuɗe. In za ki saya ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, kuma murfin ya yi ƙara lokacin buɗewa. In tsakiyarsa ya riga ya kumburo, ki mayar. A zuba masa a kwano, kada a ci da cokali daga cikin kwalbar a mayar da saura, yawu yana lalata shi.

Maman Aliyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, kashi 8 ne kuwa, kuma ban ga tambarin halal ba. Muna da sola, firiza ba matsala. Sista, surukata ta ce in riƙa ba shi hanta, ya halatta a wannan watannin?

Sista Maman Fadil:
Ya halatta, hanta tana cikin abin da ya fi komai sinadarin ƙarfe. Amma bitamin A ɗinta yana da yawa sosai, don haka ɗan kaɗan, kamar cokalin shayi ɗaya ko biyu, sau ɗaya a mako, a dafa ta sosai a murƙushe cikin abincin. Ranar wake ko ganye ki biyo da gwanda, mangwaro ko lemon zaƙi, suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin. Shayi kuma hana shi yake yi, kada a ba shi. In kin kai shi awo na wata 9, lokacin allurar ƙyanda, ki ce a duba tafin hannunsa da cikin idonsa, in da hali a auna jininsa.