Me ya sa ma'aikatana ke tafiya duk da ƙarin albashi?

Mai Ɗinki a Kano: Assalamu alaikum. Ina da kamfanin ɗinki mai ma'aikata 18. Bayan da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a shekarar 2024, na ƙara wa kowa kuɗi, amma cikin wata shida teloli huɗu sun ajiye aiki, har da wanda na fi dogara da shi wajen yanka. Ina neman shawararku.

Tsohon Manaja: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta riga ta cinye ƙarin, saboda haka ka duba kuɗin mota da abincin rana. Sai dai abin da na fi zargi shi ne yadda ake yin gyara idan an yi kuskure. Na taɓa aiki a wurin da maigida ya yi wa babban ma'aikaci faɗa a gaban yaran da yake koya wa sana'a, kuma tun daga ranar mutumin ya fara neman wani wuri, domin an zubar masa da girma.

Ma'aikaciyar Lissafi: Alhaji, kana zuba musu fansho? Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin kowane ma'aikaci, ma'aikaci kuma kashi 8.

Mai Ɗinki a Kano: Na gode ƙwarai. Hajiya, ban fara ba tukuna. Maganar faɗa kuwa ta taɓa ni, domin gab da Sallah nakan ɗaga murya a gaban kowa, kuma gobe zan je gidan mai yankan da kaina.