Ta ina zan fara karatu kan Janar Rommel?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba ni aikin gabatarwa kan wani janar na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, na zaɓi Erwin Rommel. Minti 20 kawai aka ba ni. Ta ina zan fara, kuma me zan bari?

Bakano: Wa alaikumus salam. Fara da Tobruk, garin gaɓar teku a Libiya da ya ƙwace daga hannun sojojin Birtaniya da ƙawayensu ranar 21 ga Yuni 1942. Ya kama fursunoni sama da 30,000, nan take Hitler ya ba shi Fil Mashal. Nan labarin ya fi daɗi.

Mai Taswira: A'a ƙanwata, kafin ki buɗe littafi ki nemi taswirar gaɓar tekun Libiya da Masar ki manna a bango. In ba ki ga nisan da idonki ba, ba za ki gane komai ba.

Malamin Sakandare: Ku ba ni dama in yi dogon bayani, don ni wannan maudu'in ya taɓa cizona. Shekaru uku da suka wuce na yi irin wannan gabatarwar a gaban malamaina. Na sayi wasu takardu ta waya a hannun wani mai haɗa wa ɗalibai bayanai, na ƙara da bidiyoyin intanet, duka kirari ne daga farko har ƙarshe: gwarzon sahara, bai san tsoro ba, bai taɓa zalunci ba. Na tsaya na zuba su yadda na haddace. Da na gama sai wani dattijo cikin malaman ya yi min tambaya ɗaya: wannan tankokin da kake ta yabo, daga ina fetur ɗinsu yake zuwa? Wallahi ban da amsa. Makin da na samu ranar ya ja min baya a zangon gaba ɗaya, kuma har yau abin yana min ciwo, domin kuɗina na biya aka sayar min da rabin labari.

Daga baya na zauna na bi abin da kaina. Fetur da harsashi da abinci sai sun ƙetaro teku daga Italiya, jirage da jiragen ƙarƙashin ruwa na Birtaniya da ke tsibirin Malta suna nutsar da su a hanya. Turawan Ingila kuma suna karanta saƙonnin sirrin Jamus, sau da yawa sun san jirgin da ya taso da abin da ya ɗauko. Wanda ya tsira yawanci ya sauke a Tarabulus, daga nan zuwa bakin daga a El Alamein ta Masar fiye da kilomita 2,000 ne a kan hanya guda ta gaɓar teku, motocin dakon suna shanye kaso mai yawa na man kafin su isa. Bayan Tobruk an so a tsaya a fara gamawa da Malta, Rommel ya matsa a bar shi ya kutsa Masar, Hitler ya goya masa baya. A Yulin 1942 janar ɗin Birtaniya Auchinleck ya tare shi a El Alamein, ranar 23 ga Oktoba Montgomery, wani janar ɗin Birtaniya, ya afka masa da kayan da suka ninka nasa. Shawarata ke nan ƙanwata: ki gina minti 20 ɗinki a kan wannan, cewa mutum ne mai saurin kai hari da ya riƙa tsere wa guzurinsa. Duk takardar da ba ta ambaci Malta ba, ki ajiye ta.

Ɗalibar Tarihi: Na gode sosai Malam, na rubuta.

Bazazzagi: Tambaya ta gefe. Laƙabin nan nasa na "Desert Fox", da Hausa Dilan Sahara za ta ce ko Yanyawar Sahara?

Bakano: Dila mana, shi ne malamin daji.

Bazazzagi: Dabbar da Turawa suke nufi yanyawa ce, mai manyan kunnuwa. Amma Bakano ina ya san daji, daga Kwari sai Kurmi.

Bakano: Ku da kuka san dajin ai ga shi nan kun zauna a ciki.

Shugaban Zaure: Ku biyun nan a bari sai an sallami yarinya.

Baba Kofur: 'Yata, ni ban yi karatun jami'a ba amma na sa kaki. In kina son ki gane hafsa, dubi yadda ya yi yana ƙarami. A Oktoban 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana laftanar a bataliyar tsaunuka ta Württemberg, ya bi ta bayan sojojin Italiya a yaƙin Caporetto ya hau dutsen Matajur, ya kama kusan mutum 9,000 da 'yan tsirarun sojoji. A nan ya samu babbar lambar yabon Jamus. Halin da ya nuna a kan dutsen nan shi ya kai sahara: kullum yana bakin daga, hedikwatarsa tana nemansa ba ta ganinsa. Ga ƙaramin hafsa wannan ado ne. Ga mai riƙe da runduna sukutum, wani lokaci matsala ce.

Mai Taswira: Gaskiya ne Baba. Littafin da ya rubuta kan dabarun sojan ƙasa a 1937 ma daga Yaƙin Duniya na Ɗayan ya ciro shi, kuma shi ya ƙara jawo hankalin Hitler gare shi.

Ɗan Damagaram: To a faɗa mata wannan ɗin a fili. A 1939, lokacin mamayar Poland, shi ne kwamandan masu gadin Hitler. Ta nan ya samu rundunar tankoki ta 7 a Fabrairun 1940 alhali shi sojan ƙasa ne. Ma'aikatar Goebbels, ministan farfagandar Hitler, kuma ta tallata shi fiye da kowane janar. Wani abin da masu kirari ba sa faɗa: a Yunin 1940, a garin Airaines na Faransa, an harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan asalin Gabon, bayan ya miƙa wuya, kuma masana tarihi suna ɗora kisan a kan sojojin wannan rundunar tasa. Ni ba zan karanta wannan in ci gaba da tafi ba.

Bakano: Amma ai Hitler ne ya kashe shi a ƙarshe.

Ɗan Damagaram: Ya kashe shi, ban musa ba. Ranar 14 ga Oktoba 1944 janar biyu suka same shi a gidansa a Herrlingen, aka ba shi zaɓi tsakanin kotu da guba, ya sha gubar don a ƙyale iyalinsa, aka yi masa jana'izar ƙasa a Ulm aka ce raunukansa ne. Sunansa ya fito a binciken yunƙurin kashe Hitler na 20 ga Yuli 1944. Wannan bai goge shekarun da ya yi yana yi masa aiki da zuciya ɗaya ba.

Bakano: Ni dai soja nake gani, ba ɗan siyasa ba.

Ɗan Injamena: Kuna ta Jamus kun manta abin ya taɓa mu. A Janairun 1942 jirgin Jamus ya ƙetaro sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, ya ƙona ma'ajiyar mai. Dalili shi ne jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi, a Ghana ta yau, suna bi ta nan zuwa Khartoum da Alƙahira don a yaƙi Rommel.

Bakano: Kuma sai sun sauka a Kano tukuna! Wannan ki sa shi a farkon gabatarwa ƙanwata.

Bazazzagi: Yanzu ka ji Kano ka farka.

Ɗan Injamena: Maiduguri ma suna sauka. Akwai wanda ya san ko tsohon filin na nan inda na yanzu yake?

Mai Taswira: Bari in tambayi kawuna, a can ya yi aiki.

Ɗalibar Tarihi: Don Allah kafin a watse, batun Nomandi, gaɓar tekun Faransa da yake tsaro lokacin da sojojin ƙawance suka sauka, in sa ko in bari? Na ga an ce ranar 6 ga Yuni 1944 ma ba ya nan, ya tafi gida bikin ranar haihuwar matarsa.

Baba Kofur: Haka ne, ba ya nan. Layi biyu ya isa.

Bazazzagi: Har yanzu dai ba a raba min gardamar dila da yanyawa ba.