Wai taron shekara na kamfani ranar hutu haramun ne a Indiya?

Sagir: Jama'a ku raba mu da wani abokin karatuna. Yace a dokar kamfanoni ta Indiya duk kamfanin da ya kira taron shekara na masu hannun jari ranar hutu, ko Lahadi ce ko Diwali, babban bikin mabiya addinin Hindu, taron bai yi ba, rabon riba da zaɓen daraktoci duk sun tashi a banza. Ni kuma naga sanarwar wani kamfani da idona an sa taro ranar Lahadi.

Malam Tukur: Abokinka ya fi ka gaskiya Sagir. Haka muka karanta, sashe na 166 yace ba'a yin taron ranar hutu, kuma Lahadi na cikin ranakun hutun. Kamfanin da ka gani ko dai sakatarensu yayi barci ko kuma sun san ba mai bin kadi.

Barista Hauwa: Malam Allah ya ƙara maka lafiya amma wannan dokar 1956 ce kake karanto mana, an daɗe da sauke ta. Wadda ke aiki yanzu ta 2013 ce, sashe na 96, tace ayi taron tsakanin ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma a kowace rana in dai ba ranar hutun ƙasa bace, wato wadda gwamnatin tarayya ta ayyana. Kuma ƙa'idar da sakatarorin kamfanoni ke bi ta lissafo su, 26 ga Janairu ranar jamhuriya, 15 ga Agusta ranar 'yanci, 2 ga Oktoba ranar haihuwar Gandhi, sai in gwamnati ta ƙara wata. Lahadi bata ciki, Diwali ma bata ciki.

Malam Tukur: Toh Barista in haka ne ai lalata dokar suka yi. Tsohuwar tafi hikima wallahi. Ranar da banki a rufe, ofisoshi a rufe, mutum na gida da iyalinsa ana biki, ita ce zaka kira mutane suzo su tambayi daraktoci ina kuɗinmu? Duk shugaban kamfanin da baya son tambaya ai ranar zai zaɓa, zaure ya zama wayam daga shi sai 'yan amshin shatansa, a ɗaga hannu a sauke a tashi.

Maman Ilham: Ni kuma anan ne bamu shirya ba Malam. Wai waye ke iya zuwa taro ranar Talata ƙarfe 11 na safe? Tsofaffi 'yan fansho da wakilan manyan masu jari da ake biya dan su zauna. Malamar makaranta ko ma'aikacin asibiti mai 'yan hannun jarinsa ɗari ko ɗari biyu, wa zai bashi izini ya bar aiki yaje yaji rahoton odita? Ranar aikin ce ke korar ƙananan masu jari, ba Lahadi ba, in ma so ake a ɓoye taro to tsakiyar mako tafi ɓoye shi.

Sagir: Maman Ilham kin faɗi abinda ke raina 😂 amma Diwali fa? Wannan kam ba wanda zai zo.

Maman Ilham: Diwali daban ƙanena, ni Lahadi nake karewa. Wanda ya sa taro ranar babban biki da gangan yana da wata manufa, wannan ko ni bazan musa ba.

Barista Hauwa: Ai ba'a bar su sakaka ba. Dole a aika sanarwa kwana 21 cikakku kafin ranar, sannan akwai adadin mutanen da sai sun halarta da kansu kafin a fara, kamfanin jama'a mai mambobi sama da 5,000 sai mutum 30, tsakanin 1,000 da 5,000 mutum 15, ƙasa da haka 5. In rabin awa ta wuce basu cika ba an ɗage zuwa rana irin ta a mako mai zuwa.

Malam Tukur: Mutum 30 a kamfanin da ke da masu jari dubu ɗari? Barista kema kinsan ma'aikatan kamfanin masu hannun jari ɗai-ɗai kaɗai sun isa su cike wannan, a jera su a kujerun gaba kowa da fayil ɗinsa. Wannan ba kariya bace. Kuma kar kice a tura wakili, wakili a dokarsu bashi da ikon magana a taron, takardarsa ma sai ta isa awa 48 kafin lokaci.

Barista Hauwa: Wannan kam gaskiyarka ne Malam, adadin yayi kaɗan. Amma ƙuri'a yanzu ba a zaure kawai ake yinta ba, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari dole su buɗe zaɓe ta intanet na aƙalla kwana 3, a rufe ƙarfe 5 na yamma ana gobe taro. Kuma tun 2020 lokacin korona ma'aikatar kula da kamfanoni ta yarda ayi taron ta bidiyo. Mutum na falonsa ranar hutu zai iya shiga ta waya.

Malam Tukur: Ƙuri'a daban, tambaya ido da ido daban. Ta bidiyo ai su ke riƙe da makirfo, in sun ga dama su kashe maka.

Danladi Akanta: Kuna ta faɗan Lahadi kun bar inda ainihin tarkon yake. Shekarar kuɗinsu na ƙarewa 31 ga Maris, taro kuma dole cikin wata 6, kenan 30 ga Satumba ce iyaka, sannan kar tazarar taro biyu ta wuce wata 15, shi yasa zaka ga ana ta cunkoso a ƙarshen Satumba. Yanzu ace ka sa taro 25 ga Satumba mutane basu cika ba, ɗagewar mako guda ta kai ka ina? 2 ga Oktoba cif, ga hutun ƙasa ga wa'adi ya wuce. Dole daraktoci su zauna su tsayar da wata rana, ko tun wuri a nemi magatakardar kamfanoni ya ƙara lokaci, shima baya wuce wata 3 kuma baya ƙarawa a taron farko na sabon kamfani.

Sagir: Kai oga Danladi wannan lissafin sai ku. To yanzu in kamfani yayi kunnen ƙashi yayi taronsa 15 ga Agusta fa, ya rushe kamar yadda abokina yace?

Barista Hauwa: Abinda ke rubuce ƙarara tara ce, sashe na 99, har rupi 100,000 akan kamfanin da duk jami'in da ke da hannu, in an cigaba da saɓawa har rupi 5,000 kowace rana. Rushe shawarwarin da aka zartar kuwa sai wani mai jari ya kai ƙara an duba, ba abokinka ne zai yanke daga ɗaki ba.

Malam Tukur: Rupi 100,000 ga kamfanin da ke juya biliyoyi? Ai da murmushi zasu biya.

Maman Ilham: Su biya, amma ranar Lahadi dai Malam in aka sa ni zan samu zuwa, kai kuma da kake da fansho kowace rana taka ce.

Malam Tukur: Hajiya zancen fanshona kuma ya shigo? Sagir kace wa abokinka dai ya sayi sabon littafi, amma maganata akan Diwali tana nan.