Kishiyata Ƙwallo Ce

Uwar Biyu:
Salamu alaikum ma'abota baiti. Ƙarar maigidana na kawo, kuma na san yana cikinku yana karantawa. Amsa-amona "ya" ne.

Jama'a ku taya ni jin labari,
Baban Biyu ya yi mini kishiya.
Ba lefe, ba kuɗin gaisuwa,
Sunanta ƙwallo, 'yar Birtaniya.

Na tuƙa tuwo tun da la'asar,
Na zuba a kula, na ci kwalliya.
Sha ɗayan dare ya turo ƙofa,
Wai alƙalin wasa ya danne gaskiya.

Tuwon ya huce, miyar ta yi barci,
Ko kallon lallena bai yi ba sau ɗaya.
Ran da ba wasa sai shagon gem,
Shi da yaran da ya girma, cinya da cinya.

Ya san shekarar da Arsenal ta ɗau kofi,
Ranar aurenmu kuwa sai ya tambayi Hajiya.

Baban Biyu:
Haba uwargida, a gaban mutane? To bismillah, da amsa-amonki zan rama.

Ranki ya daɗe, sarautar mata,
Laifi na amsa, amma bar batun kishiya.
Kakar 2003 zuwa 2004,
Wasa 38, ba a doke mu ba ko ɗaya.

Henry na gaba, Kanu namu na ciki,
Wenger a gefe yana jan ragamar tafiya.
Ina ɗan firamare, a bencin gidan kallo,
Tun daga nan son ya shige mini jijiya.

Ranar aurenmu kuwa ban manta ba,
Asabar ce, don ranar mun ci biyu da ɗaya.

Ɗan Ƙofar Mata:
Wannan baitin na ƙarshe shi zai kwanar da kai a zaure, abokina. Ni ba sulhu na zo yi ba. Abin da ya dame ni, mutum ya bar tuwo ya huce a kan ƙungiyar da ba ta san da zamansa a duniya ba.

Kai Baban Biyu, ji kunya mana,
Kana kukan Landan, ka bar Masu Gida.
A 1990 aka kafa Kano Pillars,
A 2008 kofin ƙasa ya kwana a gida.

2012, 2013, 2014,
Sau uku a jere yana hannun Masu Gida.
Ahmed Musa a nan ya yi suna,
Kafin Turawa su zo su ɗauke shi daga gida.

Ya zura wa Ajantina biyu a kofin duniya na 2014,
A 2021 ya sake saka rigar gida.
Filin Emirates sai dai ka gani a talabijin,
Na Sani Abacha kuɗin adaidaita ne daga gida.
Biyar na yamma ana tsaka da wasa,
Kafin isha'i kana gaban tuwonka a gida.

Baba Mai Dara:
Ku yi mini haƙuri, jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan na waya.

'Ya'yana, ku matso ku ji ta bakin tsoho,
Kun ɗauka a kanku aka fara?
Mu a zamaninmu ba gem, ba talabijin,
Gindin ceɗiya muke wuni a kan dara.

Gurbi 30 muke tonawa a ƙasa,
Kowa da 'ya'ya 12, wani tsakuwa, wani kara.
Ka jera uku ka cinye ɗan abokin wasa,
Ana shewa, magariba ta yi, a ce a ƙara.

Kakarku, Allah Ya jiƙanta, ta aiko yaro,
Na ce ga ni nan, har furar ta tsinke a ƙwarya, ban tashi ba sai tara.
Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙarata ba,
Sai ta tona gurabe a tsakar gida, ta share, ta gyara.

Ta ce, Malam, koya mini abin da ya fi ni,
Wata guda ta fara lallasa ni a gaban yara.
Daga nan dara ta ci gida,
Abokai suna aike, ina cewa gobe ma rana ce, su saurara.

Uwar Biyu:
Allah Ya jiƙan Iya, Baba. Ta bar mana darasi, kuma na ɗauka.

Baban Biyu, sayo gem ɗin ka kawo ɗaki,
Da hannu biyu, ɗaya naka, nawa ɗaya.
Na tambayi ƙanena ya ba ni tarihi,
Wasa 49 kuka yi kuna cika baki a duniya.

Oktoban 2004 a Old Trafford,
Manchester United ta ba ku biyu ba ko ɗaya.
To ita zan ɗauka, ka riƙe Arsenal ɗinka,
Wanda aka ci shi zai wanke tukunya.

Baban Biyu:
Wannan ƙanen naki, daga yau ba ni ba biya masa kuɗin gidan kallo.

Na yarda, amma da sharaɗi guda,
In ni aka ci, kada labarin ya kai kunnen Hajiya.